Kwana Biyar Ina Bin Burodi a Jos

Tun da na dawo kun hana ni sakat. In na fito daga masallaci, "Habu, ya Jos?" In na tsaya sayen goro, "Habu, wai da gaske wata Madam ce ta koya maka burodi?" Har wanda ko gaisawa ba ma yi sai da ya tare ni a bakin famfo. To ga shi zan faɗa sau ɗaya, daga farko har ƙarshe. Wanda ya sake tambayata bayan wannan sai ya saya mini shayi da ƙwai.

Ga wanda bai san ni ba, shekarata ashirin da biyu ina gasa burodi a nan Kano, a gidan burodin Alhaji, kuma na daɗe ni ne babba a wurin. Ni nake auna fulawa, ni nake cewa a hura wuta, ni nake cewa a sauke. In na zura hannuna a bakin tanderu na san ko ya yi ko da saura, ba na neman agogo. Wannan ba yabon kai ba ne, ku tambayi duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashina.

Sai ga shi bana masu shayi sun fara janye jiki ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi yi mini ciwo Ɗan'asabe ne na bakin tasha, don tun ina ƙaramin ma'aikaci a wurinmu yake ɗauka. Na je na same shi yana yanka wani burodi da direbobi suke sauko masa da shi daga Jos. Ledarsa ko suna babu, ƙasansa ma ya ɗan ƙone ta gefe guda. Ya ce, "Habu, wallahi ba raini ba ne. Naka in ya kwana sai ya zama soso, ana tsoma shi a shayi ya narke. Wannan kuwa kwana uku yana nan da ƙamshinsa." Ya yanko mini. Na ci, na san gaskiya ya faɗa.

Bayan kwana biyu Alhaji ya kira ni. Ya ce ya yi magana da wani, za a turo masa mai burodi daga Jos, shi zai riƙe wurin, ni kuma in riƙa taimaka masa. Taimako! Ni Habu, da furfurar nan tawa, in koma ana ce mini ɗauko gwangwani, kawo itace. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Alhaji, ba ni mako ɗaya. In je Jos ɗin in ga abin da suke yi da ni ban iya ba." Ya ce in je, amma yana faɗa yana duba waya.

Ranar Litinin da hantsi na shiga mota. Lokacin a Kano ko ɗigon ruwa ba a yi ba, zafin nan ne da mutum yake fitowa daga wanka yana gumi. Na sa burodina guda biyu a jaka, gashin safiyar ranar, don in ajiye shi gefen nasu in ga bambancin da idona. Kusa da ni wata mata ce 'yar Jos mai kawo dankalin turawa Kano, ta rungume rigar sanyi a cinya. Na ce, "Hajiya, zazzaɓi kike yi?" Ta dube ni daga hula har silifa ta ce, "Da wannan 'yar sharar za ka Jos? Allah ya ba ka lafiya tun yanzu."

Muka wuce Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore kowa ya yi tsit yana addu'a a ciki, muka tsaya Saminaka aka yi azahar aka ci shinkafa da wake. Bayan Jengre, a wani shinge, jami'i ya leƙo ya nuna jakata.

"Oga, me ke ciki?"

"Burodi ne."

"Na siyarwa?"

"A'a, nawa ne, daga Kano."

Ya ja baya ya dube ni sosai. "Daga Kano ka ɗauko burodi za ka kai Jos?" Ya kira ɗan'uwansa ya zo ya gani. Motar gaba ɗaya ta kwashe da dariya, har direba da tun safe bai ce uffan ba. Na yi dariyar yaƙe, na ce su yi ta yi, ni na san abin da ya kawo ni.

Daga nan mota ta fara hawa, hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kafin mu shiga gari haƙorana sun fara haɗuwa. Matar nan ta sa rigarta tsaf, ta zaro wani tsohon zani daga jaka ta miƙo mini ba tare da ta kalle ni ba. Haka na shiga Jos, lulluɓe da zanin mace mai zanen kifi.

Masaukina wurin Mamuda ne, ƙanin matata, mahauci ne a Abattoir, can yake da ɗaki. Yana ganina ya fara: "Yaya, wace ce ta ba ka zani a hanya? Bari in kira Yayata in gaya mata." Na ce ya kira, zan gaya mata har yanzu bai iya gaishe da manya ba. Ya kawo mini gwate mai zafi, irin nasu na acca da ganye da ƙashi, mai ɗan tsami-tsami. Da farko na ce wannan ai abincin mai jego ne. Sai da na sha kwano biyu.

Da asuba na ƙi jiran ruwan zafi, wai ni namiji. Na kamfaci ruwan bokiti na sheƙa a ka. Ihun da na yi, maƙwabciyarsu ta fito tana tambaya ko wani ya faɗi. Daga ranar ban sake musu da Mamuda a kan ruwan wanka ba, ya kuma ba ni aron wata jibgegiyar riga da na yi kwana huɗu ban cire ba sai in zan yi alwala.

Talata gaba ɗaya a keke napep na yi ta, daga wannan gidan burodi zuwa wancan. Mutanen Jos suna son burodi, wannan kam na shaida. A nan mu da shayi muke cinsa, shi ke nan, sai ko yara su shafa bota. Can kuwa na ga mai tsaga shi ya cusa ƙosai, na ga mai ci da dafaffen wake, Mamuda ma tsaga shi yake ya zuba balangu da yaji ya matse da tafin hannu. Na shiga wani katafaren wuri mai gilasai, 'yan mata da fararen huluna, tanderunsu na lantarki, burodi kala ya fi goma: na kwakwa, na alkama, mai madara, wanda aka yayyanka da inji. Yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba, amma zaƙinsa ya kusa na kek, mutum ba zai yi aikin ƙarfi a kansa ba. Na shiga wani a cikin gari, nasu babba ne kamar matashin kai, ka matsa shi ya koma tafin hannu. Na ce wannan ai ɗan'uwan nawa ne, ba sai na hawo dutse na gan shi ba.

Wuri bakwai na shiga. Duk inda na je sai na saya, na tsaga, na shinshina, na matsa, na ci. Wata mai sayarwa ta ce, "Oga, kai ma'aikacin lafiya ne?" Kafin la'asar cikina ya ɗaure tamau, ko ruwa ba na marmari, kuma ban sami irin na Ɗan'asabe ba.

A Tina Junction na sauka don in canza keke, ruwa ya sake tsugewa, na fake a rumfar wani mai shayi. Bahaushe ne, dattijo, ya ce kakansa ne ya zo aikin kuza, shi ko Kano sau ɗaya ya taɓa zuwa. Na fito da nawa burodin na ba shi labari. Ya matsa shi da yatsa biyu, ya mayar mini cikin ladabi, ladabin da ya fi zagi ciwo. Na kwatanta masa wanda nake nema: leda ba suna, ɓawo ja, tsaga ɗaya a sama.

Ya ce, "Ƙasansa yana ƙonewa ta gefe guda?"

Na ce, "Shi ne!"

"Na Mama Chidi ne, a Bukuru. Ni ma da shi nake, ya ƙare tun safe. Amma in za ka je, ka bar girman nan naka a mota. Matar ba ta ɗaukar raini."

Laraba da safe na hau bas ta Bukuru. Tsohon gari ne, gidaje masu tsatsar kwano tun zamanin haƙar kuza. Ban sha wahalar nema ba, hancina ne ya kai ni. Wani lungu ne bayan kasuwa, ba allo ba komai, sai layin mata da masu shayi riƙe da kwali. A ciki na ga tanderun bulo na itace, irin namu, amma ya girme ni. Gefensa wata tsohuwa gajera ta zauna a kan benci da wuƙa a hannu, tana kankare baƙin da ke ƙasan burodi kafin a sa a leda. Ita ce Mama Chidi. Ibo ce, amma a nan aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ruwa, sai dai ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne.

Na gaishe ta, na faɗi sunana da inda na fito da shekarun da na yi a sana'a. Sai na yi wautar farko. Na rage murya na ce, "Mama, tsakanina da ke, me kuke sawa a ciki?"

Wuƙar ta tsaya. "Me muke sawa?"

"Ina nufin ɗan magani, abin da yake sa ya daɗe."

Ta miƙe tsaye, duk tsayinta bai wuce kafaɗata ba, amma sai da na ja baya. "Ka taso tun daga Kano ka zo ka ce ina ba mutane guba? Jikokina suna cin burodin nan! Fulawa, ruwa, gishiri, suga kaɗan, bota kaɗan, yis. Ka ga wani abu, ka nuna mini!" Duk layin ya juyo yana kallona. Na ba ta haƙuri, na gaya mata gaskiya, cewa za a ɗora wani a kaina in ban gano ba. Ta daɗe tana dubana. Sannan ta ce, "Nuna hannu." Na nuna. Ta ga tabon ƙuna har gwiwar hannu. Ta ce, "To, kai mai aiki ne. Ka dawo bayan la'asar, lokacin muke kwaɓi."

Na yi mamaki, don a wurinmu ana kwaɓi ne a gasa nan take. Cikin awa ɗaya kwaɓi ya tashi, a yanka, a sa a gwangwani, a jefa wuta. Su kuwa da yamma suke kwaɓawa, su rufe, su tafi gida, sai gari ya waye.

Bayan la'asar ta ba ni baho ɗaya cikin huɗu, ta ce nawa ne. Ta auna mini komai da kanta. Da ta zo kan yis ta zuba ɗan abin da ko rubu'in wanda nake sawa bai kai ba. Ta kuma buɗe wani bokiti ta yanko curin wani kwaɓi mai ɗan tsami ta jefa mini a ciki. Na ɗauka ragowar jiya ce take gudun asara, ban ko tambaya ba. Na murza shi da kyau, ta taɓa ta gyaɗa kai. Ta ce za ta taron mata a coci, in rufe in tafi.

Ban tafi ba. Na zauna ina gadin bahona. Rabin awa, shiru. Awa ɗaya, ko motsi. Na buɗe na danna, yana nan sanyi ƙalau kamar yadda na bar shi. Na ce a raina yis ɗin tsohuwar nan ya mutu, ita ba ta sani ba, gobe za a wayi gari a ce baƙo ne ya ɓata kwaɓi. Shekara ashirin da biyu ban taɓa ganin kwaɓi ya yi awa guda bai ɗaga ba. Na fita kanti na sayo yis, na zuba irin zubin Kano, na sake murzawa, na ja bahon na kai shi jikin tanderu inda bulo yake da ɗumi. Na tafi ina jin daɗi, har ina tunanin yadda za ta gode mini.

Alhamis bayan sallar asuba na iso. Tun daga bakin lungu na ji wari kamar an buɗe gidan burukutu. Na ƙara sauri na shiga. Baho ukun nata sun taso sumul, sun yi kumburi mai kyau. Nawa ya tashi, ya malalo ƙasa, ya koma ya zube, ya yi ramuka, yana ta tsami. Mama Chidi tana tsaye a kansa, hannu a ƙugu.

"Wa ya kai shi wurin wuta?"

"Ni ne, Mama."

"Me ka ƙara?"

"Yis. Na ga bai tashi ba."

"Ina za shi da zai tashi? Mota yana jiransa?"

Ma'aikatanta mata biyu suka juya baya suna danne dariya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ashe suna da wata al'ada a gidan. Wanda ya ɓata kwaɓi, shi zai tsaya a bakin ƙofa ya gaya wa masu saye da bakinsa, don yau kowa za a rage masa. Ta ce maigidanta marigayi ne ya kafa ta, shi ma ya taɓa tsayawa, ita ma ta tsaya. Haka na tsaya cikin rigar aro, duk wanda ya zo in ce, "Yau burodi bai cika ba, ni na ɓata, ku yi haƙuri." Wata mata ta ce, "Kai ne sabon boyi?" Mai shayin Tina Junction ya zo da kwalinsa, ya gan ni, ya ce, "Malam, ba na ce ka bar girman nan a mota ba?" Na ce na bari, shi ya biyo ni da ƙafa.

Da layi ya watse ta kira ni. Ba ta zubar da kwaɓin nawa ba. Ta yanki curi ta sa a bokitin nan, sauran aka soya fanke aka raba wa maƙwabta. Ta ce, "Ka ga wannan bokiti? Kullum ina ajiye na yau, in sa a na gobe. Shi yake kawo ƙamshi, shi yake hana shi bushewa. Yis kaɗan, tsohon kwaɓi, sanyi, sai ka bar shi ya kwana. Shi ke nan. Ku kuna cika yis, yana tashi da iska kawai, ba komai a ciki." Na ce to ai mu ba mu da sanyi. Ta buɗe hannu ta ce, "Wannan kuma ba zan iya sa maka a leda ba."

A ranar ne na sami damar rama wa Kano. Ina kallon yadda suke shirya tanderu. Itacen duk a gefen dama suke tara shi, yana gama ci su kwashe garwashin, nan take su jera gwangwani. Na ce, "Mama, tun yaushe kike kankare ƙasan burodi?" Ta ce tun da maigidanta ya rasu, shi yake kula da wuta, ta ɗauka tanderun ne ya tsufa. Na ce ta ba ni wutar gobe. Ta harare ni. Na ce, "Kwaɓi naki ne, na yarda. Amma wuta, Mama, ki bar mini."

Juma'a da sassafe na hura. Da itace ya zama garwashi na baza shi ko'ina a ƙasan tanderun, har kusurwa, na bar shi ya ɗan jima. Na kwashe, na ɗaura jiƙaƙƙen buhu a sanda na goge ƙasan, na rufe ƙofa na ce kowa ya jira zafin ya daidaita. Ta fara cewa layi yana taruwa. Na ce, "Ina za shi? Mota tana jiransa?" Ta kai mini duka da tsumma. Na buɗe, na watsa ɗan garin fulawa dama da hagu, duka suka yi ja lokaci ɗaya. Na zura hannu na ce a jera.

Da aka sauke ta ɗauki na farko ta juya ƙasansa. Ja, ba ɗigon baƙi. Ta ɗauki na gefen dama, inda ya saba ƙonewa. Haka. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta kai ƙarshen layi, sannan ta zauna a benci ta ajiye wuƙar, ta sa bakin zani tana goge ido. Ta ce, "Haka Papa Chidi yake fito da shi." Ni ma sai da na juya na yi kamar hayaƙi ne ya shiga idona. A ranar na san ban je Jos yin bara ba, na karɓa na kuma bayar.

Na nuna wa matan biyu yadda ake yi, na yi sallar Juma'a a Bukuru, Asabar na kamo hanya. Ta cika mini jaka da burodi, ta ƙulla mini curin tsohon kwaɓinta a leda ta ce in fara da shi. Na rungume shi a cinya kamar jariri. Muna saukowa daga dutse zafi ya fara, leda ta fara kumbura. Kafin Tudun Wada ta yi tam. Muna shiga garin sai ji muka yi fus! Kwaɓi a rigata, kwaɓi a ƙeyar direba, kwaɓi a gemun wani malami da ke gefena. Direba ya tsaya ya ce ko in jefar ko in sauka. Na jefar ina ji kamar in yi kuka.

Ban wuce gida ba, gidan burodi na fara zuwa. Ashe Alhaji bai jira makon ba. Mutumin Jos ya iso tun Alhamis, sunansa Ishaya, magidanci ne kamar ni, ya baro mata da yara a can. Na same shi tsaye kan baho, gumi yana zuba, ga warin nan da na sani. Kwana biyu yana kwaɓawa da yamma irin na garinsu, yana barinsa ya kwana a zafin Kano, gari na wayewa ya tarar ya lalace. Ma'aikata suka ja ni gefe suna murna: "Oga Habu, ka yi shiru kawai, Alhaji ya ce in ya sake ɓatawa gobe zai sallame shi."

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na so in naɗe hannu in zuba ido. Amma na dubi fuskar mutumin, na ga irin tsayuwar da na yi a Bukuru, shi kuma ba wanda zai soya masa fanke. Na ce, "Malam Ishaya, kada ka zubar da wannan. Yanko mini curi." Na tafi wurin masu ƙanƙara na sayo manya guda uku. Bayan magariba muka kwaɓa da ruwan ƙanƙara, yis kaɗan, da curin nasa mai tsami. Muka kai bahon ɗakin ƙasa na ciki inda muke ajiye buhuna, muka kewaye shi da ragowar ƙanƙarar, muka rufa jiƙaƙƙen buhu.

Na ranar farko ya yi nauyi, ƙanƙarar ta yi yawa. Na je na roƙi Alhaji kwana biyu, ya ce mu biyun mun ishe shi. Na biyu ya ɗan yi tsami. Ishaya ya iya sanin kwaɓi da yatsa, yana dannawa zai ce saura kaɗan, ni kuma na san zafin garina da wutata. A rana ta uku muka sauke, ƙamshi ya cika lungu har mai wankin hula na maƙwabta ya leƙo. Na aika wa Ɗan'asabe guda biyar ban ce komai ba. Kafin azahar ya aiko a ƙaro, wai wane direba ne ya kawo.

Alhaji ya shigo da hantsi, waya a kunne. Ya ga burodi a tebur, ya gutsuri gefe yana magana. Ya tauna. Ya ce wa na cikin wayar zai kira shi. Ya sake gutsura.

"Wa ya yi wannan?"

Kafin in buɗe baki Ishaya ya ce, "Oga, ni na san kwaɓi, amma garin nan nasa ne. In ka ce in zauna, a ƙarƙashinsa zan zauna."

Na ce, "Alhaji, a bar shi. Aikin yanzu na yamma da na safe ne, mutum ɗaya ba zai iya ba."

Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba, kun dai san shi. Ya ce, "Habu, abin da ka ga ya dace." Ya jawo kujera ya zauna, ya ci gaba da gutsura. Ni da Ishaya muna tsaye muna kallonsa har ya cinye guda sukutum, ya kaɗe rigarsa, ya ce a sa masa uku a mota na gida. Shekara ashirin da biyu ina yi wa mutumin nan burodi, ranar ce ta farko da ya kai wa iyalinsa.